Wurin Kifin Embong

Teluk Ru, Terengganu
Watan Maris

'Yata Rokiah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma yana barin ki ki runtsa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta dama tana riga rediyo sanar da hadari. Mahaifiyarki ta fita takaba, ta koma shanya kifi a ƙofar gida, sai dai har yanzu in za ta ɗora tukunya shinkafar mutum biyu take aunawa. Rabon babanki Embong ni ake aiko wa, saboda haka ba ni da bakin magana.

Iskar damina ta faɗi, teku ta kwanta, kowa ya koma ruwa. Ranar Asabar ni ma na tura jirgin babanki. Ina so in ba ki labarin ranar yadda ta kasance, domin a garin nan duk wanda na ba wa sai ya tausaya mini, ni kuwa ba tausayi nake nema ba.

Na fito bayan sallar asuba da ganyen kwakwa sabon yanka, na shimfiɗa shi a cikin jirgi. Deraman, tsohon nan da jirginsa ke kwana kusa da namu, yana zaune a rairayi yana ɗaurin fatsa. Ya dube ni, ya dubi jirgin.

"Long, yau kai ne direba kai ne yaron mota?"

Na ce, "In ban dawo ba ka rubuta labarin a jarida. Ka dai kula da waƙafi."

"Ni da sai na huta a tsakiya kafin in gama rubuta sunana? Ka dawo kawai, ya fi sauƙi."

Ya kama mini muka tura. Bai tambaye ni inda za ni ba, ya ga ganyen.

Tun da matata ta rasu na ajiye aikin jarida na dawo gida, a gaban jirgin nan nake zama, babanki yana baya riƙe da inji. Kakanninmu ne wa da ƙani, amma ko wanda muka fito ciki ɗaya bai yi mini abin da ya yi ba. Bai taɓa tambayata yaya nake ji ba, ya dai ce in zo in riƙe masa igiya. Ranar Asabar ce farkon zamana a baya. Ina fita sai goshin jirgin ya ɗaga sama yana marin ruwa, dole na juyo na cika buhu da yashi na ajiye a mazaunina. Nan take jirgi ya daidaita. Ashe aikin da nake yi duk shekarun nan, buhun yashi ma ya iya shi.

Kin san abin da ya fitar da ni, unjam ɗin babanki, matattarar kifin nan da ya kafa a teku da igiya da ganyen kwakwa. Kamar kowace shekara, iska ta tsinke sandar gorar da ke tsaye a kansa, babu abin da ido zai gani. Igiyar da tsofaffin ganyayen suna can ƙasa, kifi yana fakewa a inuwarsu. Da yana nan, da sai ya waiwayi tudu ya jera alamominsa, wannan bishiya a kan wancan dutse, ya jefa ƙugiyar ƙarfe ya kamo igiyar, mu ɗaura sabon ganye. Ni kuwa ban san alamomin ba. Na je wurin nan ba adadi, amma na gaban jirgi ba ya waiwayen tudu in an doshi unjam ɗin wani, ko da na ɗan'uwansa ne, ba ya kuma tambaya. Haka muka taso muka gani, haka na kiyaye. Ruwan wurin kawai na sani, shi kuwa ruwa ko'ina iri ɗaya ne.

Na yi tafiya gwargwadon yadda jikina ya saba, na kashe inji, na juya. Tudu ya koma siririn zare kore, duwatsu a bayansa, bishiyoyin kwakwa a jere iya ganin ido, kowacce tana iya zama ita ce. Na jefa ƙugiya na ja, na matsa gaba, na sake jefawa, har tafin hannuna ya yi bororo. Abin da na kamo shi ne guntun tsohuwar raga da takalmin roba ƙafa ɗaya. Can nesa ina hango jiragen mutanen garinmu, kowa a kan wurinsa kamar kaza a kan ƙwai. Sun ga ina zagaye. Ba wanda ya matso, domin matsowa kusa da mai neman unjam ɗinsa rashin kunya ne. Na gode musu, na kuma ji haushinsu.

Da rana ta take tsaka na haƙura da ƙugiya, na sauke fatsa, na bar ruwa ya tafi da ni inda ya so. Na sami 'yan kifin kembung da ba su cika kwano ba, da wani mai ƙaya da ya kumbura yana hararata, na mai da shi gidansu. Na buɗe ƙunshin da mahaifiyarki ta ba ni, shinkafa da miyar budu, ta kifin da aka jiƙa a gishiri, a ganyen ayaba, ƙulli biyu. Na ci ɗaya. Na daɗe ina kallon ɗayan, sannan na cinye shi ma don kada in koma mata da shi.

Babanki ba mai magana ba ne a ruwa, mukan wuni ba abin da ya haɗa mu sai "miƙo" da "saki". Shi ya sa na ɗauka shirun ba zai dame ni ba. Ashe shirun mutum biyu daban yake da na mutum ɗaya.

Iskar la'asar ta taso, na juyo. A bakin ruwa tsofaffi da mata suka kama muka ja jirgi sama, kin kuma san duk wanda ya sa hannu da kifi ake sallamarsa. Na raba, kifin ya ƙare mutanen ba su ƙare ba. Matar Deraman ta ɗaga nata ta wutsiya ta ce, "Long, wannan uwarsa ta san ya fito kuwa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ganyen ya yi yaushi, na ja shi na zubar a bayan gida.

Abin ba mai jira ba ne. In tsohon ganyen ya gama ruɓewa kifi zai watse, igiyar ta kwanta cikin laka, shi ke nan wurin ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Da na ɗaure jirgin na tsaya ina kallonsa, ina tambayar kaina ko yana da sauran amfani a hannuna. Na kuma tuna kina 'yar ƙarama kin sha bin babanki zuwa can. Tunawa kawai na yi.

Allah ya tsare ki a inda kike.

Kawunki,
Pak Long


Seria, Brunei
Watan Afrilu

Pak Long,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. An tura ni wani ɗan asibiti can cikin daji, sai da na dawo na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin ƙofa. Ina lafiya, ban da ciwon ƙafa na tsayuwa. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, ka daina yi mata ba'a, ba ta jin ba'a.

A tsaye na karanta, ko takalmi ban cire ba. Pak Long, kai kaɗai? Da wannan gwiwar? In injin ya mutu fa? In ka sunkuya jan ƙugiya jiri ya ɗebe ka, buhun yashi ne zai tsamo ka? Ni a nan abin da nake gani ke nan kullum, tsofaffi masu cewa "ai na saba". Na rasa Baba ina nesa, sai waya aka yi mini bayan an kai shi. Ba zan iya amsa irin wayar nan sau biyu ba.

Na san halinka, ba ka faɗin magana kai tsaye in ta shafe ka. Ka ce kana tambayar kanka ko jirgin yana da sauran amfani a hannunka. Na gane. Ka gaji, kana jin nauyin Mama, kana jin nauyina, ba ka so a ce ta hannunka jirgin Baba ya bar gida. To na sauke maka. A sayar. Na riga na rubuta wa Mat Zin, ɗan yayar Mama, wanda ya daɗe yana son jirgin, na ce ya zo ya same ka. Unjam ganye ne da igiya, Baba ba ya cikinsa.

E, na tuna zuwa can tare da shi, na gode da ka tuna mini. Na ɗan yi kuka, sannan na dafa taliya na ci a tsaye a bakin taga, domin kujera ɗaya ce a ɗakina, kuma kayan wanki sun riga ni zama. A nan ba mai budu irin namu. Na sayi wani a kwalba, gishiri ne kawai da launi.

Ka gaida Mama. Ka zauna a tudu, don Allah.

'Yarka,
Kiah


Teluk Ru
Ƙarshen Afrilu

Kiah,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kike lafiya. Gwiwa tana shan ruwan zafi kamar yadda likita ta umarta. Mahaifiyarki ta yi mura ta warke.

Takardar da kika aika wa Mat Zin ta riga tawa isowa. Ina zaune a gindin jirgi ina warware igiya sai ga shi a kan babur. Ya gaisa a gurguje, ya shiga zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa katako da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Katakon da sauransa, Pak Long. Injin ne ya tsufa."

Na ce, "Ya gaya maka yana neman sabon ubangida ne?"

"A'a, Kiah ce ta ce in zo. Ta ce ka gaji."

Mahaifiyarki tana kan matakalar gida tana tsince shinkafa. Ta ce, "Wa ya gaji?" Ta dube ni, ta ɗauki farantinta ta shige ciki. Ranar ba a aiko mini da abinci ba, washegari ma haka. Ta ɗauka ni na kai kuka wurinki a ɓoye, ina neman hanyar rabuwa da jirgin mijinta. Sai da wasiƙarki ta zo na kai na karanta mata, ta ji da kunnenta, sannan ta ce, "Kai kuma me ka rubuta mata har ta ji haka? Takarda har ta yi nauyi a hannun mai gidan waya, ashe ba ka faɗi abin da kake so ba?"

Ta yi gaskiya. A gidan jarida aikina ke nan, in karɓi labarin wani in tambaye shi ina maganar take, in tono ta daga ƙasa in kai ta layin farko. Ga tawa, ko da ta makara. Ban gaji ba. Ba na son a sayar da jirgin. Wurin nake nema.

Ina fita duk ranar da teku ta yarda. Sau ɗaya ƙugiyar ta kama igiya, na jawo, ashe ta wani ce, ƙullinta ba irin na babanki ba ne. Na sake ta na bar wurin da sauri, kamar wanda ya tura ƙofar ɗakin da ba nasa ba.

Saboda haka zan yi abin da ban taɓa yi ba, zan tambaya. Dokar waiwaye ba ta hau kan yaro ba, shi ko'ina kallo yake. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka taɓa shiga jirgin nan da 'yancin duban tudu. Kiah, in kun isa wurin, me kike gani a baya? Wace bishiya, wane dutse, wane rufin gida, me ke kan me? Ko abu ɗaya kika tuna, rubuto shi. Ki amsa da wuri in kin sami hali, ganyen ba zai jira gidan waya ba.

Pak Long


Seria
Watan Mayu

Pak Long,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi, kai kuma ka yafe mini. Na rubuta wa Mat Zin ya cire ransa, na rubuta wa Mama tata daban.

Tun da takardarka ta zo nake neman abin da ka tambaya. In rufe ido a motar zuwa aiki, in rufe ido a kan sallaya. Pak Long, babu. Ni a jirgin nan ban taɓa zama ba, kwanciya nake yi. Da mun ɗan yi nisa amai yake taso mini, sai Baba ya kwantar da ni a tsakiyar jirgi, ya rufa mini zanensa a ka saboda rana, ya sa mini tsamiya a baki. Abin da na tuna shi ne ƙafafunsa, da faratansa da gishiri ya cinye, da warin fetur, da kifi yana bugun katako kusa da kunnena. Har na fara rubuta maka wata bishiya da nake ganin kamar na taɓa gani, na yage takardar. Ba zan tura ka teku da "kamar" ba.

Akwai wata magana kuma. Na yi ta juya ta, in faɗa ko in bari, domin ba za ta nuna maka wurin ba, ciwo kawai za ta yi maka. Amma taka ce, bai kamata in riƙe ba.

Zuwana gida na ƙarshe, da ƙaramar sallar bara, ina zaune da Baba a baranda yana ɗaura ƙugiyoyi, kai kuma ka wuce za ka masallaci. Ya bi ka da kallo yana dariya ya ce, "Kawun nan naki ladabinsa ya yi yawa. Kullum in mun zo kan alama sai in rage wa inji gudu, in ɗan karkata jirgi don tudu ya faɗo masa ta gefen ido. Shi kuwa sai ya ƙara kafa wa ruwa ido, kamar ya yar da zobe a ciki."

Na ce, "To Baba, ka faɗa masa mana."

Ya ce, "In faɗa masa bai tambaya ba? Sai ya ce na ga mutuwata ne, ko ina ɗora masa kaya. Ƙyale shi. Wata rana wuyansa zai gaji ya juya."

Dariya na yi a lokacin, na tashi na je na ɗauko masa kofi. Ban sake tunawa da maganar ba sai da na karanta tambayarka.

Ba zan ƙara ce maka ka zauna a tudu ba. Na dai roƙe ka, in za ka fita ka riƙa gaya wa wani lokacin dawowarka.

'Yarka,
Kiah


Teluk Ru
Watan Yuni

'Yata Kiah,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan ke ma haka. Mahaifiyarki ta haɗa miki budu a kwalba, tana jiran mai tafiya wajenku.

Na san rage gudun nan. Kullum injin yakan sassauta, jirgin ya ɗan kwanta hagu, sannan mu tsaya. Na ɗauka mai yake tattali. Har na taɓa ce masa ya kai injin a duba, ya ce to.

Na karanta wa mahaifiyarki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, na tashi na ba ta wuri.

Na daina nema. Ko da yau na kamo igiyar, ganyen ya riga ya narke. Wurin babanki yana nan inda yake, ina wucewa ta kansa ko ta gefensa, ba kuma mai sake saninsa. Na rubuta wannan ne don in ga ko hannuna zai iya, ga shi ya iya.

Na kafa nawa unjam ɗin. Ba wani wuri ne na a zo a gani ba, bai kai nisan na mutane ba, kuma kifi ba zai taru ba sai ganyen ya yi gansakuka. Mahaifiyarki ce ta ɗaura ganyayen a jikin igiya, ni na cika buhunan yashi. Mutum ɗaya ba ya iya tura su ruwa, don haka Deraman ya bi ni, bisa sharaɗin in saya masa taba in kuma daina ba shi labarin siyasa. Ya zauna a gaba.

Da muka isa muka yi bismilla muka tura. Buhunan suka nutse, ganyayen suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sandar gora ta miƙe tsaye. Saura ɗaukar alama. Ina juyawa wajen tudu, Deraman ya juya wa tudu baya, ya kunna taba, ya kafa wa teku ido kamar yau ya fara ganinta. Na dubi ƙeyarsa. Ban taɓa sanin yadda ƙeyar mutum take daga bayan jirgi ba sai ranar.

Na ce, "Deraman, juyo."

"Taba nake sha."

"Juyo ka dubi tudu."

"Kai Long, birni ya lalata ka. Ba a haka."

Na ce, "Na sani. Hasumiyar masallaci ta zauna daidai cikin tsagin babban dutse. Ta farko ke nan."

Ya toshe kunne da yatsa. Ɗaya hannun yana riƙe da taba, saboda haka kunne ɗaya a buɗe yake.

"Ta biyu, doguwar kwakwar maƙabarta ta hau kan tankin ruwan makaranta."

"Ban ji ba."

"Sai in yi ta maimaitawa har la'asar. Ba mai jirana a gida."

Ruwa yana ta bugun gefen jirgi. Can ya ce, ba tare da ya motsa ba, "Na girme ka fa. Me zan yi da wurinka? Ni zan riga ka tafiya."

Na ce, "To sai ka faɗa wa wani kafin ka tafi."

Ya sha tabar nan har ta kusa ƙona masa yatsa, ya jefar da guntun. Sannan ya dafa gefen jirgi ya juyo da dukan jikinsa a hankali, ya kare ido da tafin hannu. Ya daɗe yana duba.

Ya ce, "Dogayen kwakwa biyu ne a maƙabarta. Wacce a ciki?"

Ta hagu ce, Kiah, mai ɗan karkata. Ke ma ki riƙe.

Kawunki,
Pak Long